KUKAN CIKIN GIDA A JALINGO: WA ZAI SAURARA?

A cikin shekarar 2018 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta baza ma'aikatanta gida gida a dukan jihohin Nijeriya domin binciken lafiyar iyali. Daga cikin tambayoyin da aka yi wa mata 'yan shekara 15 zuwa 49 har da ko an taɓa dukansu ko ji musu ciwo tun daga lokacin da suka cika shekara 15 da haihuwa. Da aka tattara amsoshi sai aka tarar a ƙasa baki ɗaya mata 31 cikin 100 sun ce an taɓa. Amma da aka bi jiha jiha sai Jihar Taraba ta zo kan gaba da mata 68 cikin 100, watau kusan biyu daga cikin kowaɗanne uku, alhali kuwa a Jihar Jigawa 4 ne kacal cikin 100.

Masu hankali ba su ɗaukar irin wannan lissafi a kan cewa mazan wata jiha sun fi na wata mugunta, gama akwai inda mace ta ke iya buɗe baki ta gaya wa baƙo abin da ke damunta, akwai kuma inda ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba. Duk da haka lissafin ya isa ya hana shugabannin Taraba barci. Har wa yau binciken ya nuna fiye da rabin matan da aka cuta a ƙasar nan ba su taɓa neman taimakon kowa ba, waɗanda suka nema kuwa galibinsu wurin danginsu suka nufa. To, 'yan kaɗan ɗin da suka yi ƙarfin hali suka fita daga gida suka doshi hukuma, me su ke tararwa? Wannan ita ce maganar da ta ke yawo a bakin mata da malamai da ma'aikatan asibiti a Jalingo, kuma yawancin ƙorafin kan hukumar da ta fi kusa da talaka ya ke faɗawa, watau Ƙaramar Hukuma.

YADDA A KE YI A DA

Jalingo tsohon gari ne na sarauta. Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa shi ya mai da shi mazauninsa a 1893, kuma tun daga zamanin Turawa har bayan samun mulkin kai garin shi ne hedkwatar En'en Muri. A wancan zamani duk wanda aka zalunta ya san hanyar da zai bi. Matar da miji ya matsa wa da duka takan fara da waliyyinta, in abin ya gagara a tafi wurin mai unguwa ko jauro, daga nan sai hakimi, daga hakimi sai gaban alƙali. Alƙalin na En'e ne, ɗan dokan da zai kawo mijin na En'e ne, gidan yarin da za a kai shi in ya yi taurin kai shi ma na En'e ne. Tsarin yana da nasa aibu, don sau da yawa mai galihu ya kan danne maras shi, amma dai kira daga fada ba abin wasa ba ne.

Gwamnatin soja ce ta fara warware wannan igiya. A 1968 aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin Gwamnatin jiha da sunan kotunan yanki, ba da jimawa ba kuma aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. A 1976 aka yi babban gyaran nan da ya shafe En'e ɗungum ya kafa ƙananan hukumomi, a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gongola. Sarakuna da hakimai suka zama iyayen ƙasa masu ba da shawara. Ƙaramar Hukuma ta gaji jama'ar En'e da koke-kokensu, amma ba ta gaji kotu ko ɗan doka ba. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Taraba daga Gongola, Jalingo ta zama babban birnin jiha, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa. Ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen 140,000 a Ƙaramar Hukumar Jalingo, ga shi kuwa tun daga lokacin rikicin Boko Haram da tashe-tashen hankula na Wukari da Lau da ƙauyukan Kona sun turo dubban mutane cikin garin. Mai gudun hijira ya baro waliyyi da mai unguwar da ya san shi, ya tare a ɗakin haya tsakanin baƙi. Matarsa in ta shiga uku ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa sai ta hukuma.

ABIN DA A KE KUKA DA SHI

A kowace ƙaramar hukuma a Arewa akwai ofishin jin daɗin jama'a, inda a ke kai rigingimun aure, da maganar ciyar da 'ya'ya bayan saki, da yaran da aka tsinta ko aka yasar. Koke-koken da a ke yi game da irin waɗannan ofisoshi kusan iri ɗaya ne daga Jalingo har Sakkwato.

A ƙaddara wata mata ce a Sabon Gari ko Mayo Gwoi, miji ya yi mata duka da dare har ido ya kumbura. Da gari ya waye ta ranci kuɗin Keke Napep ta nufi sakatariya. Abu na farko da za ta tarar shi ne ɗaki guda mai tebur biyu ko uku, ga masu jira a kan benci, ga masu shigowa gaisuwa, a nan za ta kwance sirrin aurenta kowa yana ji. In an saurare ta sai a rubuta wa mijin takardar gayyata, wani lokaci ma ita za a miƙa wa ta kai masa, watau a mai da ita hannun wanda ta gudo daga gare shi tana riƙe da shaidar ta kai ƙararsa. In ya ga dama ya zo, in bai ga dama ba ya yaga takardar, don ofishin ba shi da ikon kama kowa. In ya zo, sai a yi nasiha, a ce ya yi alkawari ba zai sake ba, ita kuma a ce ta yi haƙuri saboda 'ya'ya. Kowa ya tashi an ce an yi sulhu. Ba wanda zai bi sawu bayan mako guda ya ga ko tana da rai.

In kuwa raunin ya yi tsanani sai a ce wannan ya fi ƙarfin ofis, ta tafi wurin 'yan sanda. Can a ce ta kawo takardar likita. A asibiti a ce ta yanki kati ta biya kuɗin gwaji. Ta koma caji ofis a ce mai binciken ya fita. Kowace tafiya da kuɗin motarta, tun ba bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 ba, ga shi kuɗin cefanen ma a hannun wanda ta ke ƙara ya ke. Kafin mako ya zagayo dangi sun taru a kanta, ana cewa ta tona asirin gida, za ta ɗaure uban 'ya'yanta. Daga nan sai ta janye. A takardun hukuma, in ma an rubuta, sai a sa an daidaita.

Na yara ya fi wannan ban tausayi. Yarinyar da kishiyar uwa ke gana wa azaba, ko 'yar riƙo da mijin gwaggo ke lalata da ita, ko 'yar talla da wani babba a unguwa ya ke tarewa kullum, ba ta san hanyar sakatariya ba. Maƙwabta ne ke ji ta katanga, su kuwa suna tsoron a ce sun shiga sharo ba shanu. Wanda ya daure ya kai rahoto yakan ji sunansa ya riga shi dawowa unguwa, ya sayi gaba da maƙwabci har abada. In wanda a ke zargi mai kuɗi ne ko ɗan siyasa, sai manya su shiga a kashe maganar a zaure, a ba uban yarinya 'yan kuɗin magani.

SU MA MA'AIKATAN DA NASU KUKAN

Adalci shi ne a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Ma'aikacin jin daɗin jama'a a ƙaramar hukuma ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan sanda ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, ya kuma sa su cikin aikin makarantun firamare da kiwon lafiya, amma bai fito fili ya ɗora musu kare wanda a ke zalunta a cikin gida ba. Abin da ba a rubuta ba kuwa shi ne na ƙarshe a wurin rabon kuɗi. Ma'aikacin da ba shi da babur na ofis, ba shi da kuɗin kai mara lafiya asibiti, ba shi da ɗakin da zai ajiye mace da goyonta ko na dare ɗaya, in ya ce mata ta koma gida ta yi haƙuri, wani lokaci don ba shi da wata amsa ne.

Maganar kuɗin kuwa tsohuwa ce. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi daga asusun Tarayya yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatocin jihohi, abin da ya rage bayan albashi ba ya taka kara ya karya. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Bayan hukuncin an sha ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar da shi. Ko ma dai yaya ta kaya, talaka yana da ikon tambayar ciyaman da kansilolinsa nawa aka ware wa ofishin jin daɗin jama'a a kasafin shekara, nawa kuma aka saki.

DOKA TANA NAN

Ba rashin doka ke damun Taraba ba. A 2003 aka kafa Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya, kuma Taraba tana cikin jihohin farko da suka karɓe ta, tun lokacin da yawancin jihohin Arewa ke ɗari-ɗari da ita. Dokar ta tanadi kotun iyali, ta ba da ikon a ɗauke yaro cikin gaggawa daga inda a ke cutar da shi, ta kuma ce a kafa kwamitin aiwatar da haƙƙin yara a mataki uku: na ƙasa, na jiha, da na kowace ƙaramar hukuma. Wannan kwamiti na ƙaramar hukuma shi ne ya kamata ya zama idon Gwamnati a unguwanni. Mai karatu ya tambayi kansa ko ya taɓa jin an kira taronsa a garinsu.

Ran 25 ga Mayu 2015 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, wadda a ke kira VAPP. Da fari Abuja kaɗai ta shafa, sai jihohi suka yi ta karɓa ɗaya bayan ɗaya, musamman bayan da gwamnoni 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe a watan Yuni 2020. Taraba ta sami tata a 2022, zamanin Gwamna Darius Ishaku. A dokar Tarayya, wanda ya doki matarsa, ko wadda ta doki mijinta, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar Naira 200,000 ko duka biyu. Korar abokin aure daga gida da ƙarfi ɗaurin shekara 2 ne ko tarar Naira 300,000. Yasar da mata da 'ya'ya ba ci ba sha ɗaurin shekara 3 ne ko tarar Naira 500,000. Mai bibiyar mutum yana tsorata shi ma da nasa hukunci. Fyaɗe kuwa ɗaurin rai da rai ne, in an sassauta kada ya gaza shekara 12.

Abin da ya fi shafar ƙaramar hukuma a dokar shi ne takardar kariya. Kotu tana iya ba da umurni a hana mai cutarwa kusantar wanda ya ke cuta, ko shiga inda ta ke zaune ko inda ta ke aiki. Ba lalle sai ita da kanta ta nema ba: ɗan sanda, ko ma'aikacin lafiya, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a yana iya nema mata. Ashe ke nan ma'aikacin da ke cewa hannunsa a ɗaure ya ke yana da hanyar da zai bi zuwa gaban alƙali, in an koya masa, in kuma an ba shi kuɗin mota.

Akwai wani tsohon tarnaƙi da ya kamata a ambata. Kundin Penal Code na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, a sashe na 55 ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa in al'adarsu ta yarda da haka, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. A kan wannan sashe aka horar da 'yan sanda da alƙalai da lauyoyi na shekaru masu yawa, saboda haka ko an kawo sabuwar doka, tsohon tunanin ba ya fita daga kai dare ɗaya.

SULHU DA IYAKARSA

Ba mai musun cewa sulhu alheri ne. Yawancin saɓanin ma'aurata, na cefane ne ko na kishi ko na dangin miji, a zaure ya kamata ya ƙare, kuma limamai da fastoci da masu unguwa na Jalingo suna kashe irin wannan wuta kullum ba tare da kowa ya ji ba. Alƙur'ani mai girma a Suratun Nisa'i ya yi umurni a tashi mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata in an ji tsoron ɓaraka. Amma malaman Malikiyya, waɗanda alƙalan ƙasar Hausa da Fombina suka yi hukunci da littattafansu tun kafin zuwan Turawa, sun tabbatar cewa matar da ta kawo shaidar miji yana cutar da ita alƙali yana da ikon raba auren ko mijin bai so ba, ya kuma hore shi. Wanda ya ce addini ne ya hana a ceci mace daga duka bai yi wa addini adalci ba.

An ga inda haƙurin dole ya kai mutane. A watan Afrilu 2022 shahararriyar mawaƙiyar coci Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja, daga baya 'yan'uwa da abokan aikinta suka fito suna ba da labarin dukan da ta sha shekara da shekaru suna sane. A watan Afrilu 2025 Babbar Kotun Abuja ta yanke wa mijinta hukuncin kisa. A watan Agusta 2020 aka ceto wani yaro ɗan shekara 10 a Birnin Kebbi wanda aka ɗaure tare da dabbobi wajen shekara biyu a gidan ubansa, a cikin watan kuma aka fito da wani saurayi a Kano da iyayensa suka kulle shekaru a garejin mota. A Jihar Binuwai, maƙwabciyar Taraba, wata yarinya 'yar shekara 13 ta rasu a watan Oktoba 2018 bayan lalatar da aka daɗe ana yi da ita a gidan da aka kai ta riƙo don ta yi karatu. A duk waɗannan akwai maƙwabta, akwai dangi, akwai mai unguwa, akwai ƙaramar hukuma.

Fyaɗe musamman ba abin sulhu ba ne, kuma jinkiri a kansa hasara ce da ba ta gyaruwa. Maganin da ke kare wadda aka yi wa fyaɗe daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72. Binciken ƙasa na 2018 ya sa Taraba cikin jihohi biyar da cutar ta fi yawa. Kwana ukun da a ke ɓatawa ana taron dangi a zaure su ne kwana ukun da ya kamata yarinya ta kasance a gaban likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jalingo.

ABIN DA ZA A IYA YI

Wasu jihohi sun nuna hanya. A Legas an buɗe cibiyar Mirabel a 2013, inda a ke duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta a wuri ɗaya. Kaduna tana da cibiyoyin Salama, Kano tana da Waraka a Asibitin Murtala, Sakkwato tana da cibiyar Nana Khadija. Hikimarsu ɗaya ce, watau a tara likita da mai ba da shawara da hanyar zuwa ga 'yan sanda da lauya a ƙofa guda, a hutar da mai rauni yawon ofis ofis.

Jalingo ta fi sauran ƙananan hukumomi 15 na Taraba sa'a, gama Ma'aikatar Harkokin Mata, da hedkwatar 'yan sanda, da Babbar Kotu, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da na Hukumar Ba da Agajin Lauya duk a cikin garin su ke, ga ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da matan coci. Abin da ya rage shi ne mai haɗa su, kuma wannan bai fi ƙarfin Ƙaramar Hukuma ba. A keɓe ɗaki mai ƙofa inda mace za ta yi magana da mace 'yar'uwarta. A buɗe littafi a rubuta kowace ƙara da ranarta da inda aka tura ta, a ba mai ƙara lamba, a kuma ɓoye sunan maƙwabcin da ya kawo rahoto. A daina ba mace takardar gayyata ta kai wa wanda ya doke ta. A ware 'yan kuɗin mota da na katin asibiti. Duk sulhun da aka yi a koma gidan bayan mako biyu a gani. A zauna da fadar Sarkin Muri da hakimai da masu unguwa na mazaɓu 10 na Jalingo, daga Barade da Sintali da Majidadi har Kona da Kachalla Sembe, a yi yarjejeniya a kan abin da za a sasanta a zaure da abin da tilas a miƙa wa hukuma a ranar da aka ji shi. Kowane wata uku kuma shugaban sashen ya karanta wa majalisar kansiloli adadin ƙararrakin da aka karɓa da yadda kowace ta ƙare.

In Jalingo, da duk waɗannan ofisoshi a bakin ƙofarta, ta kasa, to ina ga matar da ke ƙauyen Karim Lamido a hayin Binuwai, ko a kan tsaunin Mambila, wadda sai ta yi tafiyar yini kafin ta ga alƙali? Shugabanni su tuna kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Allah Ya ba su ikon riƙe amana, Ya kuma zaunar da gidajen jama'a lafiya, amin.